Gaisuwa Kawai Na Zo

A littattafan da na taso ina karantawa, waɗanda nake karɓar haya a teburin wani dattijo a bakin kasuwar Nguru, idan saurayi ya yi tafiya mai nisa kusa da taga yake zama, iska tana shafa fuskarsa, yana tuna idanun wadda ya baro. Ni da na shiga Legas a kujerar tsakiya nake, ƙafafuna sun kumbura, kwalin bandar kifi yana kan cinyata, matar da ke gefena kuma tun daga Lakwaja ta toshe hanci da bakin zaninta tana aiko mini da harara. Babu marubucin da ya taɓa gaya mini cewa ƙamshin banda, wanda a garinmu yake nufin kasuwa ta buɗe, a cikin rufaffiyar mota sunansa wari.

Sunana Bukar, haifaffen Nguru. Na yi digirina na farko a lissafi a Gashuwa, kuma abin da ya raba ni da gida shi ne neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar Gana, a fannin ƙididdiga, irin wadda ake fita da ita daga aji a je a auna gona da cuta da ruwa. Wanda aka ɗauka yana da tallafin karatu, in ba don haka ba ko mafarkin ba zan yi ba. Na cika duk abin da suka nema a shafinsu, saura abu ɗaya: dole wani malami na sashen ya amince zai kula da bincikenka kafin ranar rufewa, in ba haka ba takardunka ba za su kai gaban masu zaɓe ba. Wadda aikinta ya dace da nawa wata farfesa ce mai bincike a kan kamun kifi. Ni kuwa tun ina aji uku nake son in auna yadda kifin tafkinmu yake raguwa tun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A gidanmu wannan ba labari ba ne, a tukunya muke ganinsa.

A Gashuwa na aika mata imel, daga shagon kwamfuta na wani Yaya Modu, inda ƙanwarsa Yagana take buga wa mutane takardu. Dole in ɗan tsaya a nan, don ko a cikin motar Legas ɗin fuskarta ce a gabana. Tun ina ɗalibi nake zuwa shagon da takardun da ba su da buƙatar a kwafe su. In yi sallama, in gaishe ta, in tambayi gida, in tambayi zafi, in tsaya ina kallon yadda take ture mayafi da bayan hannu idan ya sauko mata kan ido, in karɓi takarduna in tafi. A zuciyata na rubuta mata wasiƙun da za su cika littafi. Da baki kuwa ban taɓa wuce "ya aiki" ba.

Ranar da take buga saƙon, sai ta ɗage hannuwanta ta dube ni.

"Malam Bukar, na kusa ƙarshen shafi ban ga maganar ba. Ka gaishe ta, ka gaida iyalinta, ka tambayi damina. Gwaggonka ce?"

"Ladabi ne, Yagana."

"To ladabin ya cinye shafin. Ita buƙatar a ina za mu tsugunar da ita?"

A can ƙasa muka tsugunar da ita, cikin kalmomi masu sunkuyar da kai. Na yi ta jira, amsa ba ta zo ba.

Da na gaya wa Baba, ko mamaki bai yi ba. Dillalin kifi ne, ya ƙare rayuwarsa yana hulɗa da manyan 'yan kasuwa na kudu da arewa, kuma ya yi imani mutane iri ɗaya ne a ko'ina. Ya ce babban mutum ba a jefa masa saƙo ta waya kamar ana tsayar da ɗan acaɓa.

"Ka je da ƙafarka," in ji shi. "Amma ka ji ni da kyau. Ranar farko gaisuwa kawai. Kada ka buɗe baki da buƙata kamar maroƙi. Ka bari ta san fuskarka, ka bar 'yan kwanaki su ratsa, sannan ka koma. Haka aka koya mini, kuma ban taɓa jin kunya a gidan kowa ba."

Da hannunsa ya zaɓi manyan tarwaɗa, ya jera su a kwali, ya ɗaure da igiya, don ba a shiga wurin babba hannu yana dukan cinya.

A tashar Legas wani direba mai sarƙa a wuya ya rantse mana cewa motarsa ba ta tsayawa sai cikin Gana. Muka yarda. Da muka kusa iyaka ya sauke mu a gindin wata bishiya, ya ce mu tsallaka da ƙafa, ƙaninsa yana jiranmu a ɗaya gefen da sabuwar mota mai sanyi. Ya juya ya tafi. Wata 'yar kasuwa da ta saba hanyar ta bi motar da ido, ta gyara ɗaurin ƙugunta, ta ce mana ya sayar da mu, kowa ya nemi hanyarsa.

A nan na ji Hausa a bayana.

"Sannu ɗan'uwa. Daga ina?"

Siririn mutum ne mai farar hula, da carbi a naɗe a wuyan hannu. Na kwana biyu ban ji harshenmu a bakin kowa ba, sai da idanuna suka ciko. Da na ce Nguru, sai ya ce ai ya taɓa cin kasuwarmu, ya ambaci tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya ambaci tafki. Ya ce ba za a bar ni in wuce da kifi ba, amma shi ya san wata hanya ta bayan gidaje, in ba shi kwalin, in bi layi da fasfona, mu haɗu a gaba. Na ba shi. Na tsaya a layi ina zagin kaina. Amma da na fito sai na same shi zaune a kan kwalin, igiya a ɗaure kamar yadda take. Na ɗaga bakin kwalin na leƙa, ga tarwaɗar Baba a jere, baƙaƙe suna sheƙi. Na nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi wa bawansa. Har addu'a ya yi mini kafin mu rabu.

Daga nan na ratsa ƙasashe biyu da ba na jin yarensu, daga wannan mota zuwa waccan, ina magana da yatsa. A wata tasha wata mata ta ga ina kallon burodin da take raba wa 'ya'yanta, ta gutsuro ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ban san yadda ake godiya da harshenta ba, sai na dafa ƙirji. A hanyar nan na fara ganin teku. Na daɗe ina tanadin wannan gani, na zaci zan ji abin da masoya suke ji a littafi. Tsoro na ji. Tafkinmu yana da ɗaya gefen, kana hango bishiyoyi da kwalekwale da hayaƙin masu banda. Wannan ruwan babu kowa a bayansa.

Garin da jami'ar take a bakin tekun yake. Na tambayi masallaci, masallaci ya kai ni zango, unguwar da Hausawa da sauran Musulmi suka zauna tun zamanin fatauci. Liman ya haɗa ni da Mma Adiza, wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake da safe, wadda ɗakin ɗanta yake a kulle tun da ya tafi neman kuɗi wata ƙasa. Hausarta ta bambanta da tamu, tana da sauri da ɗan kauri, amma faɗanta da tausayinta irin na kakata ne sak.

"Ɗan Najeriya, wannan kwalin gawa ce a ciki?"

"Tsaraba ce, Mma."

"To tsarabar taka a waje za ta kwana. Kai ka shigo ka ci abinci, ka yi fari kamar wanda aka tono."

Washegari na sa shaddata ta sallah, na kafa hula, na saɓi kwali na nufi jami'a. Kowa a can sauri yake yi, babu mai gaida kowa. Sakatariyar sashen ta ga kwalin ta ce ba a talla a nan. Na ce ba talla ba ce, daga Najeriya na zo wurin Farfesa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ciki, ta fito ta nuna mini ƙofa.

Na cire takalmina a bakin ƙofar na shiga. Farfesa ƙaramar mace ce, gashinta ya yi fari fat, tabarau a goshi, takardu sun taru a gabanta. Ta kalli ƙafafuna, ta nuna mini kujera. Na russuna na gaishe ta da Turancin da na yi ta gogewa a hanya. Na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi gajiya. Ta amsa na farkon, sannan ta ce:

"Me zan yi maka?"

A garinmu idan babba ya yi maka wannan tambayar a ranar farko, karamci ne, kuma amsarta sananniya ce tun kana yaro. Na sunkuyar da kai.

"Ba komai, ranki ya daɗe. Gaisuwa kawai na zo."

"Daga Najeriya?"

"Eh."

"Ka ratso ƙasashe don ka gaishe ni?"

"Kin cancanci fiye da haka."

Ta sauke tabarau daga goshi ta sa a ido, ta dube ni da kyau, kamar mai neman inda ta san ni. Sannan a hankali, kamar tana magana da marar lafiya, ta ce, "Ka tabbata babu abin da kake so?"

Maganar tana bakina. Ina jin ɗanɗanonta. Amma muryar Baba tana kunnena, kuma na ga kaina kamar jarumin nan mai kawaici wanda haƙurinsa yake burge kowa kafin ƙarshen littafi. Na ce babu. Na turo kwalin gabanta na ce tsaraba ce daga mahaifina. Ta ce ta gode, amma ba ta karɓar kyauta a ofis. Wannan ma bai dame ni ba, a wurinmu sai an ƙi kafin a karɓa. Na yi sallama, na sa takalmina, na fito ina murmushi. Na sayi layin waya na ƙasar na kira Baba.

"Madalla," ya ce. "Yanzu ta san fuskarka."

Na bar kwanaki suka ratsa, kamar yadda aka umurce ni. Da na koma, sakatariya ta ce Farfesa ta tafi aikin bincike wurin masunta a wani yanki mai nisa, inda waya ba ta shiga sosai, kuma ba a tsayar da ranar dawowarta ba. Ta ce in riƙa leƙowa. A jikin bangon da ke bayanta an manna sanarwar ranar rufewa da jan rubutu, kuma ba ta da nisa.

Waɗannan kwanakin su ne mafi tsawo a rayuwata. Da asuba in taya Mma Adiza fitar da tukunya bakin titi. Da hantsi in tafi jami'a, sakatariya ta girgiza mini kai tun kafin in ƙaraso, in koma kan wani benci a gindin bishiya in zauna. Daga nan ana hango wani aji ta taga. Nakan ga malami yana rubuta alamomin da na sani a kan allo, waɗanda na kwana da su na tashi da su a Gashuwa, sai in ji kamar na hango 'yan gidanmu a cikin motar da ba za ta tsaya ba. Ɗalibai su fito suna dariya da yarensu, su wuce ta gabana, babu mai cewa sannu. Wani lokaci in ƙirƙiro wa kaina labari, in ce ga ni na gama, ga rigar nan mai faɗi ta bikin kammala karatu a jikina, ga Yagana a cikin taro tana ture mayafi don ta gan ni sosai. Sai ganye ya faɗo mini a cinya in farka.

Da yamma in sauka bakin teku in kalli masunta suna jan taru suna waƙa. Kifinsu ban san sunan ko ɗaya ba. Ni da na taso ina gane tarwaɗa da karfasa da ƙurungu ido a rufe, na zama baƙo har a wurin kifi.

Wata rana na kasa daurewa na kira shagon Yaya Modu, da hujjar a duba mini ko amsa ta shigo imel ɗina, alhali ina iya dubawa a wayata. Yagana ce ta ɗauka. Da na ji muryarta sai duk abin da na shirya ya watse.

"Malam Bukar! Ya Gana? An dace?"

"Ana nan ana jira. Ya gida? Ya su Yaya Modu? Ya zafi?"

"Zafi yana nan inda ka bar shi."

"Madalla. To ki gaida gida."

Da na kashe, Mma Adiza tana tsintar wake a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan da ka kira daga nan har Najeriya kana tambayarta zafi, ita ke rabon rana a garinku?" Na yi kamar ban ji ba.

Ita ce kuma ta fara lura da kwalin. Banda a Nguru tana iya daɗewa ba ta yi komai ba, don iskarmu busasshiya ce. Iskar teku jiƙaƙƙiya ce, tana shiga komai, har shaddata ba ta bushewa. Wata safiya bayan mun dawo da tukunya, ta ce tsarabar nan ta fara wani wari na daban, in kwance a gani. Na kwance igiya. Kifin saman ya yi laushi, farar fumfuna ta fara hawa kansa. Na ɗaga jeri na farko, na ɗaga na biyu, sai hannuna ya taɓa wani abu da ba kifi ba. Tsofaffin jaridu ne a dunƙule, da ɓawon kwakwa, da ɓallin bulo don nauyi ya yi daidai. A ƙasa kuma an mayar da jeri ɗaya na kifi, ko da zan buɗe ta can.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ni, ɗan dillalin kifi, wanda tun ban kai tsawon kwali ba na san cewa mai saye ba ya kallon sama, hannu yake turawa tsakiya. Ɗan'uwana mai carbi ya yi mini Hausa, na manta abin da na gada. Sai kuma wani tunanin ya zo mini: da Farfesa ta karɓi tsarabar, da ɓawon kwakwa ta kai gidanta da sunan mahaifina.

Mma Adiza ta yi dariya har sai da ta share hawaye da bakin ɗankwali. Da ta ga ni ban yi ba, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce in ba ta labarin tun daga farko. Na ba ta, har da abin da ya gudana a ofis. Dariyar ta ɗauke.

"Tsaya. Ta tambaye ka me kake so?"

"Ta tambaya."

"Ta sake tambaya?"

"Ta sake."

"Ka ce me?"

"Na ce ba komai."

Ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Wayyo ɗan mutane. Mu ma a zango muna gaisuwa, har mu gaji. Amma matar nan ba ta san babanka ba, ba ta san garinku ba, ba ta san za ka dawo ba. A garinku kafin ka isa ƙofar mutum an riga an gaya masa abin da ya kawo ka, shi ya sa kuke iya yin shiru. Nan wa zai gaya mata? Teku?"

Ban taɓa lura da wannan ba. Gaskiya ne, duk wanda ya zo gaida Baba ranar farko, Baba ya riga ya ji buƙatarsa a bakin wani tun a masallaci. Shirun namu yana da masu yin magana a madadinmu a bayan fage. A nan ni kaɗai ne.

Ta kankare fumfunar, ta hura wuta a murhunta na ƙarfe, ta sake bandace abin da ya rage. Hayaƙin ya cika tsakar gida, na rufe ido na ga layin 'yan kifi na kasuwarmu. Da rana ta jefa biyu a miya. Lomar farko na ajiye cokali na shiga ɗaki, ba ta biyo ni ba, ta dai rufe mini kwanon.

Farfesa ta dawo ana saura kaɗan a rufe. Na tafi ba kwali. A bakin ƙofarta hannuna ya kai kan takalmi, na janye shi, na shiga da su ina jin kamar na taka tabarmar masallaci. Ban zauna ba. Na ce barka da safiya, sannan na saki maganar da numfashi ɗaya: ni ne Bukar daga Nguru, na nemi digiri na biyu a sashen nan, ina roƙon ta amince ta kula da bincikena, ina so in auna raguwar kifi a tafkin garinmu. Da na gama kunnuwana suna zafi kamar na zagi babba.

"Zauna," ta ce. "Kai ne mai gaisuwa."

Ta tambaye ni ta yaya zan auna abin da babu wanda yake rubutawa. Na ce masunta ba sa rubutu, amma duk kifin da ya fito ta kasuwa yake bi, a cikin kwali. Sai dai ba a yarda da saman kwali, don a nan ake jera manya. Dole a zaɓi kwalin da ƙuri'a, a zaɓi jerin da za a ciro da ƙuri'a, kada dillali ya zaɓa maka, kada idonka ma ya zaɓa maka. Ta ce a ina na koyi wannan. Na ce rabi a aji, rabi a rumfar mahaifina, sauran kuma a kan iyaka. Na ba ta labarin mai carbi da ɓawon kwakwa. A karo na farko na ga haƙoranta. Ta jawo takarda ta fara zane, tana tambaya ina amsawa, wani wurin ta ce na yi kuskure ta gyara, wani wurin ta gyaɗa kai. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Tun da na bar gida ban ji ni mutum ne sosai ba sai a wannan zaman.

Sannan ta ajiye biro ta cire tabarau.

Ta ce kowane malami yana da iyakar ɗaliban da zai ɗauka. Ranar da na zo gaisuwa saura mata gurbi ɗaya, kuma tana ta juya sunayen da ke gabanta ba ta ga wanda ya kama ranta ba. Da yake za ta yi tafiya inda ba za a same ta ba, sai ta ba wani kafin ta tafi. An riga an sanar da shi. Ba za ta karɓe ba.

"Na tambaye ka," ta ce, ba da faɗa ba.

"Kin tambaye ni."

Na yi mata bayanin al'adarmu, don kada ta ɗauke ni mahaukaci. Ta ce ta gane, a ƙauyen kakarta ma haka ake yi, kuma tana ganin kyansa. Sai dai jami'a ba ta jiran zuwa na biyu. Na tambaya ko akwai wani malamin. Ta ɗaga waya a gabana ta kira abokan aikinta, duk sun cika. Ta ce in sake nema baɗi, in rubuto mata, layin farko ya zama abin da nake so. Ba ta yi mini alkawarin gurbi ba. Ta ce za ta karanta. Ta ninke takardar da ta yi zane a kai ta ba ni.

Na sauka bakin teku na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. A littafi a irin wannan wurin ruwan sama yake saukowa, jarumi ya yi kuka. Rana ce tsaka, yara suna ƙwallo, ni kuma hawayen ya ƙi zuwa. Na kira Baba na gaya masa ba a dace ba. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Kifin fa? Ta karɓa?"

"Ba ta karɓa ba, Baba."

"To. Allah bai nufa ba. Ka dawo gida."

Ban gaya masa sauran ba. Abin da ya ba ni shi ne mafi kyawun abin da yake da shi, kuma a Nguru bai taɓa ba shi kunya ba.

Na bar wa Mma Adiza ragowar bandar. Ta ɗaure mini garin rogo da soyayyen yaji a leda, ta rako ni har bakin titi tana faɗa a kan in daina ba mutane kayana don sun yi mini Hausa. Da mota ta tashi na waiwaya, tana tsaye hannu a ƙugu, ba ta ɗaga mini hannu ba, amma ba ta tafi ba har muka sha kwana.

Hanyar dawowa ba ni da kaya sai jaka, kuma wannan karon na sami kujerar taga. Iska ta shafi fuskata kamar yadda aka rubuta, amma ba idanun kowa nake tunawa ba. Tambayar nan nake ta ji, ka tabbata babu abin da kake so? Daga Kano muka bi ta Haɗeja, ƙasa ta buɗe, bishiyoyin goruba suka fara bayyana. Da muka shiga Nguru kwandasta ya buga jikin mota yana kiran masu sauka. Na hango kasuwa, na hango hayaƙin banda yana tashi ta bayan rumfuna, na san Baba yana can a kan tabarmarsa. Na ce wa kwandasta Gashuwa zan wuce.

La'asar ta yi lokacin da na isa shagon. Yaya Modu ya tafi masallaci, Yagana ce kaɗai tana buga wata takarda. Rigata ta yi datti, fuskata ta rame, babu tsaraba a hannuna. Na yi sallama, ta ɗago, bakinta ya buɗe za ta yi mini sannu da zuwa, ban bari ba.

"Yagana, ban sami gurbin ba, zan sake nema baɗi. Kuma ina sonki. Tun ina ɗalibi nake sonki, takardun da nake kawowa duk ba na buƙatarsu. Ina so ki ba ni izini in turo manyana gidanku."

Yatsunta suka tsaya cak. Mayafin ya zamo ya sauko mata kan ido, wannan karon ba ta ture shi ba. Fanka tana juyawa a sama, wani babur ya wuce a waje, ni kuma ina tsaye a gaban teburinta.

"Haba, Malam Bukar," ta ce daga ƙarƙashin mayafin. "Ko gaisuwa babu?"

Sai ta sa ƙafa ta turo mini kujera.